Mai Haƙar Rijiya a Kan Kwalta

Tun ranar da motar kamfani ta sauke ni a ƙofar gida ban huta da tambaya ba. A masallaci a tambaye ni, a gona a tambaye ni, har na ji wani yana ba da labarin wai Nijar aka kai ni haƙar zinariya. Bakina ya gaji. Shi ya sa na ɗauko biro, da ɗan bokon yaƙi da jahilcin da na yi, in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

Sunana Idi. A ƙauyenmu, yamma da Sule Tankarkar, Idi Mai Rijiya ake ce mini. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina haƙar rijiya, har gwiwa ta hana ni shiga rami, burtsatse kuma ya zo ya karɓe aikin. Yanzu noma nake yi.

Ranar wata Laraba da hantsi, an gama noman farko, ina gyaran ƙotar fartanya, sai ga farar mota mai buɗaɗɗen baya. Wadda ta fito Balki ce, 'yar ƙanwata, injiniyar hanya. Na san aikinta ke nan, amma ban taɓa ganin ta a bakin aiki ba. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta sha ruwa, sannan ta ce, "Kawu, ka taɓa haƙa rijiya a Garin Bano, kan hanyar Maigatari?"

Na ce, "Na haƙa, ina saurayi, tare da maigidana marigayi. Biyu ma muka haƙa. Ta farko ta rufta."

Sai na ga idonta ya buɗe. Ta ce akwai wani guntun titi a gaban garin, bai fi tsawon gona biyu ba, sau uku ana gyara shi, duk damina sai ya lotsa. Bara wata tirelar shanu ta kife a wurin, mai kula da shanun ya karye a cinya, shanu da dama aka yanka a bakin hanya. Manyanta sun ce a sake shafa kwalta. Ita kuwa zuciyarta ta ba ta cewa ciwon yana can ƙasa. An yi gwajin ƙasa tun da farko, amma a tazara ake yi, wurin ya faɗo tsakani.

"Me ya rufta rijiyar, Kawu?"

"Baƙin yumɓu. Kamu uku muka yi cikin yashi muka iske shi. Tsohon tafki ne yashi ya binne."

Ta ce, "Ɗauko rigarka."

Direbanmu Malam Sabo ne, dattijo mai ƙarancin magana. Daga Sule Tankarkar zuwa Gumel na sha bin hanyar nan, a babur, a amalanke, a ƙafa. Ban taɓa ɗaukar titi wani abu ba in ban da baƙin abu da aka shimfiɗa. Balki kuwa hancinta na jikin gilashi. Can ta ce, "Malam Sabo, tsaya." Muka fito. Ta nuna mini inda kwalta ta tsattsage ƙanana ƙanana kamar bayan kada. Ta ce wannan gajiya ce, nauyi ya yi ta lanƙwasa ta har ta fashe, kuma ta nan ruwa zai shiga. Gaba kaɗan ta nuna mini kwari biyu dogaye daidai inda tayoyi ke bi, ta ce wannan rana ce ta tausasa kwalta, manyan motoci suka murza ta.

Na ce, "Balki, titi yana lanƙwasa? Abin da ya fi daɓe tauri?"

Ta duba hanya, ta hango wata tirela tafe ta sha buhuna. Ta ja ni gefe, ta ce in tsuguna in ɗora tafin hannuna a bakin kwalta. Na ɗora ina karanto addu'a. Motar ta zo ta wuce da rugugi, iskarta ta tuɓe mini hula. Wallahi sai na ji ƙasa ta nutsa a ƙarƙashin hannuna ta dawo, ta sake nutsawa ta dawo, kowace ƙafar mota da nata. Kamar ka ɗora hannu a haƙarƙarin sa yana numfashi. Na daɗe a tsugune. Malam Sabo ne ya tsinto mini hular a cikin gero.

Ta ce ɓarnar da tirela ɗaya mai lodin wuce kima ke yi wa titi, ƙananan motoci dubbai ba sa yin ta. Na ce to me ya sa bai farfashe tun ranar farko ba? Ta ce ai kwaltar da nake gani riga ce kawai. A ƙarƙashinta akwai fasasshen dutse, ƙarƙashinsa akwai jar ƙasa da aka danne, sannan ƙasar Allah. Kowanne yana karɓar nauyin ya baza wa na ƙasa da shi. Wannan na gane shi nan take, domin haka ƙasa take a cikin rijiya, hawa hawa.

Muka ratsa Gumel muka yi kudu zuwa Gagarawa Tasha, inda sansanin aikinsu yake, don ta nemi izinin motar haƙa. A ƙofa aka ce ba mai shiga sai da hular kwano. Ni kuwa ba zan tuɓe hulata a gaban mutane ba, sai na kifa kwanon a kanta. Leburori suka yi ta kau da kai suna murmushi.

Abin da na gani a wurin nan ban san yadda zan kwatanta muku shi ba. Tsakuwa ce tuli tuli, kowane tuli da girman ƙwayarsa, daga mai kamar goriba har mai kamar tsaki. Ga wata tukunya kwance, ta fi ɗakina tsawo, tana juyawa, wuta na ci a cikinta. Ashe soya tsakuwar ake yi, kamar gyaɗa, sannan a kwaɓa ta da narkakkiyar kwalta. Akwai ɗaki guda na gwaji. Na ga mutum babba da gemunsa yana tankaɗe yashi da rariya kala kala yana aunawa a sikeli. Na ce a garinmu da an gan ka da an yi maka dariya. Ya ce, "Baba, in na kuskure awon nan, dariyar a kan titi za a yi ta." Ya miƙo mini wani curi da aka yanko daga jikin titi, mai siffar gwangwanin madara. Na juya shi na ga kowace tsakuwa ta kama 'yar'uwarta, babu inda za ka sa tsinke.

A nan na yi abin kunyata na farko. Tifa ta zubar da ragowar kwalta a gefe, na ga ta yi baƙi ta kwanta, na zaci ta huce. Na taka. Takalmin robana na dama ya zauna a ciki, ni na yi gaba da ƙafa ɗaya ina tsalle. Da aka zaro shi da shebur ya zama wani abu daban. Suka ba ni takalmin aiki mai ƙarfe a baki, na yini ina jan ƙafa kamar an ɗaura mini turmi.

Babbansu Injiniya Lawan ne, dogo mai furfura. Ya gaishe ni da ladabi, ya saurari Balki har ta gama. Sannan ya ce, "Baba, shekara nawa da haƙa rijiyar nan?"

"Za a yi arba'in."

"Kuma kana tune da wurin?"

"Akwai kuka. Taku sittin gabas da ita."

Ya dubi Balki ya ce, "Injiniya, in muka ce a tone wurin nan a canja ƙasa, aikin wata biyu ne, da karkatar da motoci. Ba zan rubuta wa na sama da ni cewa kawunki ya tuna ba. Zan ba ki mota ranar Juma'a da safe. In na ga yumɓu da idona, shi ke nan. In ban gani ba, Asabar a zuba kwalta, kuma kada ki sake tayar da maganar."

Ta ce, "Na yarda, ranka ya daɗe." Muka koma mota. Ni kuwa sai a lokacin na gane cewa mutuncinta a wurin aiki ta ɗauka ta ɗora a kan ƙwaƙwalwar tsoho.

A Gumel muka kwana, a wani masaukin baƙi. Ɗakin akwai na'urar sanyi, ban san yadda ake kashe ta ba, na kuma ji nauyin tambaya, sai na lulluɓa da darduma. Da safe na murɗa wani ƙarfe a banɗaki zan yi alwala, ruwa ya zubo mini daga sama, da riga da hula. Karin kumallo aka kawo mini taliya da ƙwai. Na ci don kada a ce, amma da muka fito na sa Malam Sabo ya tsaya wurin mai koko da ƙosai.

Alhamis ba aikin haƙa, sai Balki ta ce mu je Maigatari ta ga lodin motocin da ke bin hanyarta, tunda ranar kasuwa ce. Na taɓa cin kasuwar Maigatari, amma wajen awaki na tsaya. Wannan karon tashar lodi muka shiga. Tireloli ne jere har inda ido ya ƙare. Ga shanu masu ƙahon da ya fi hannuna tsawo ana kora su ta kan tudu suna shiga mota. Ga buhunan riɗi da zoɓo da kanwa ana ɗora su har mota ta fi soro tsawo. Raƙuma na tsaye a gefe suna kallon kowa a wulaƙance. Balki tana zagaya motocin tana duban yadda tayoyi suka baje. Ta nuna mini inda manyan motoci ke tsayawa, kwalta ta tattare ta yi kunya kunya kamar gona, ta ce irin wannan wurin kankare yake so, domin kwalta ba ta jure nauyin da ya tsaya cik a cikin rana.

Wani direba da ake kira Ɗan Asabe ya gan ta da hular kwano, ya taso da faɗa. "Hajiya, ku ne masu titi? Wurin nan na Garin Bano sai ya kashe mu za ku gyara?"

Ta ce, "Ku ne masu lodi? Motarka ƙafa nawa gare ta, kaya nawa ka ɗora mata?"

Ya yi dariya ya ce, "Ni mota aka ba ni, kaya aka ba ni. In na ce ya yi yawa, gobe wani ne a kan sitiyari." Ya saya mana fura, muka zauna a inuwar motarsa. Ya ce shi da ƙugunsa yake gane titi. Daga nan har kurmi ya san inda ƙasa ke da ƙarfi da inda take da taushi, ko idonsa a rufe. "Wurin can kuwa, Baba, in na hau shi da damina, ji nake kamar na taka katifa." Da na ji haka sai hankalina ya ɗan kwanta.

Bayan azahar muka je bakin iyakar Nijar. Balki ta yi wa ma'aikata bayani, aka bar mu mu leƙa tsallake mu dawo kafin la'asar ta yi sanyi. Ni da na zaci zan ga katanga, sai na ga geron can irin geron nan ne, Hausar ma ita ce, sai dai babbar mota kamiyo suke ce mata. Muka bi wata hanyar burji da ta rabu da babban titi. An yi ruwa a can da safe. Sai muka iske an gitta dogon ƙarfe a hanya, manyan motoci huɗu na tsaye, direbobi sun shimfiɗa tabarma suna dafa shayi. Ƙananan motoci da babura kuwa ana ɗaga musu suna wucewa.

Na tambayi mai gadin ƙarfen, wani siriri mai rawani, ko laifi suka yi. Ya ce, "Babu laifi, Malam. Hanya ta sha ruwa. In kamiyo ta hau ta yanzu, ta kashe ta. Sai ta sha iska."

"In direba yana sauri fa?"

"Ya yi saurinsa a zaune."

Abin ya ba ni mamaki ƙwarai, a ce hanya ma ana ba ta hutu kamar jakin da ya yi dako. A wajenmu wa zai tsaya? Direbobin suka ba mu shayi a ɗan ƙaramin kofi, ɗaci kamar maɗaci, da wani dogon burodi mai tauri. Na gatsa, haƙorina na gaba da ke girgiɗi tun bara ya ce ga garinku nan. Na ƙulle shi a bakin riga na zo da shi gida. Wanda ya ce ban je Nijar ba ya zo ya gani.

A Maigatari muka kwana, gidan wani abokin Malam Sabo, a kan tabarma a zaure, da tuwon gero miyar kuka. Wannan barcin ya fi mini na Gumel.

Juma'a da sassafe muka isa Garin Bano. Na ga wurin da idona. Titin ya lotsa ya yi kwari, gefensa ya kumburo, motoci na zuwa sai su rage gudu su karkata kamar za su faɗi. Motar haƙa ta iso, Injiniya Lawan ya iso, mutanen gari suka fito kallo. Garin ya canja mini sarai, gidajen kwano sun maye bukkoki. Amma ga kuka nan tsaye. Na je gindinta na yi bisimilla, na ƙirga taku sittin gabas, na tsaya a gefen titi na ce, "Nan."

Motar ta miƙa hannunta. Abin da nake kwana biyu ina haƙa da dagi, ta kwashe shi kafin mutum ya gama alwala. Kamu ɗaya, yashi. Kamu uku, yashi. Kamu biyar, jan yashi mai tsabta, busasshe. Injiniya Lawan ya leƙa ramin, ya duba agogo. Balki ta sunkuyar da kai tana murza biro. Ni kuwa da ramin zai karɓe ni da na shiga a rufe.

Injiniya Lawan ya ce, "Baba, ba laifinka ba ne. Shekara arba'in ba kwana arba'in ba ce." Ya juya zai sallami mai mota.

Sai muka ji murya daga cikin 'yan kallo. "Wai me kuke nema ne a gonar Bawa?"

Wata tsohuwa ce, ta dogara sanda, da ƙwaryar wake a kai. Aka ce sunanta Iya Tabawa. Na gaishe ta na ce tsohon tafki muke nema, gabas da kuka.

Ta ce, "Wace kukar? Wannan ai ƙaramar ce. Babbar ta faɗi shekarar da na aurar da autata. Ga gurbinta can inda aka tara kara." Ta ƙura mini ido. "Kai ba yaron Sarkin Rijiya ba ne? Wanda rijiya ta rufta ya fito yana kuka ba wando?"

Gari ya kwashe da dariya, har Injiniya Lawan. Na ce ni ne, Iya. Ban taɓa jin daɗin tonon asiri irin na ranar ba.

Balki ta ce, "Ranka ya daɗe, rami ɗaya."

Ya sake duba agogo ya ce, "Ɗaya. Kada mu rasa Juma'a."

Iya Tabawa ba ta jira na ƙirga taku ba. Ta wuce gaba da sandarta, muna biye, har daidai tsakiyar inda titin ya fi lotsawa, ta soka sandar a gefensa. Motar ta haƙa. Kamu ɗaya, yashi. Kamu biyu, yashin ya fara duhu. A na uku bakin motar ya fito da wani abu baƙi ƙirin yana sheƙi, ya manne ya ƙi zubowa, sai da mai motar ya girgiza shi. Warin ya bugo ni, warin tsohon tafki, irin wanda na shaƙa ina saurayi.

Shekara bakwai rabona da shiga rami. Ban san lokacin da na tuɓe takalman nan na zura ƙafa ba. Balki tana cewa, "Kawu, gwiwarka!" Na sauka, na yanko yumɓun da hannuna, na mulmula shi ya yi tsawo kamar igiya bai tsinke ba, na miƙa wa Injiniya Lawan. Ya karɓa ya matsa, ruwa ya fito ta tsakanin yatsunsa. Ya daɗe yana kallon sa. Ya ce irin wannan in ya sha ruwa kumbura yake, in ya bushe ya tsuke, ko me ka shimfiɗa a kansa sai ya karye. Sannan ya juya ya ce, "Injiniya Bilkisu, a ɗebi na gwaji. Ki rubuta a tone shi duka, a cike da jar ƙasa, a sa kwalbati. Ni zan sa hannu." Mutum biyu ne suka jawo ni daga ramin.

Balki ta buɗe littafinta ta ce za ta rubuta sunana a rahoto, cewa ni na nuna wurin. Na ce a'a, ni ramin banza na nuna, ta rubuta Iya Tabawa. Ta je ta durƙusa gaban tsohuwar ta tambaye ta cikakken sunanta. Iya ta faɗa mata, ta sa aka karanto mata ta ji ko daidai ne.

Injiniya Lawan ya ce, "Iya, kin san da wannan tuntuni?"

Ta ce, "Ɗan nan, a tafkin nan na koyi wanki. Sau uku ina zaune a ƙofar gidana kuna zuwa da motocinku kuna shafa baƙin abinku kuna tafiya. Har ruwa na aika muku."

"To me ya sa ba ki faɗa mana ba?"

Ta gyara ƙwaryarta a kai ta ce, "Wa ya tambaye ni?"

Balki ta rufe littafinta. Muka wanke hannu a randar ƙofar gidanta, muka wuce Gumel, muka samu Juma'a ana tayar da iƙama.